Banɗakin da Ya Kalli Gabas

Shekara tara ke nan rabon Hajiya Mabruka da ɗanta Khalid, in ban da ganin da take yi masa a fuskar waya. Jikarta kuwa, Nusaiba, da aka haifa can Kanada shekara bakwai da suka wuce, ko ɗan yatsanta ba ta taɓa riƙewa ba. Ta san muryarta. Ta san ranar da haƙorinta na gaba ya fita, don an kawo bakin daf da waya an nuna mata giɓin. Amma ba ta san ƙamshin kan yarinyar ba, kuma duk wadda ta taɓa goya ɗa ta san wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Abu ɗaya tal take roƙo bayan kowace salla: yarinyar nan ta kwana a ɗakinta, ko da sau ɗaya ne. Ta yi mata shimfiɗa da hannunta, ta tofa mata addu'a, gari ya waye ta gan ta a gefenta ta yi ɗai-ɗai, ƙafa nan hannu can. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Khalid ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce masa tana kewarsa. In ya kira, sai ta ce, "Ya sanyi a can?" Ya ce da sauƙi. Ta ce a gaida mutanen gida. In ta ajiye wayar sai ta daɗe tana kallon bango.

Gidan nata a Alfindiki yake, tsohon soro ne na kakannin mijinta, marigayi Alhaji Ali, waɗanda fatauci ya kawo su Kano daga Gadamas, can ƙetaren hamada, tun ba a san jirgin ƙasa ba. Makewayin yana can ƙarshen gida, bayan bishiyar rumman: salga ce irin ta da, ga buta, ga bokiti, ga dutsen da ake tsayawa a kai a yi wanka. Wannan makewayi shi ne dalilin da Khalid ke bayarwa kullum na rashin kawo matarsa Sumayya da 'yarsu gida.

"Ummi, Sumayya ba ta da matsala, ita 'yar Ƙofar Na'isa ce, ta san komai. Amma Nusaiba ba ta taɓa ganin rami ba. In ta leƙa ta ga duhun nan, ba za ta sake yarda ta shiga ba. Bari in sa a yi banɗaki na zamani a ɗakin ajiyar Baba. Ke ma gwiwarki ta huta da tsuguno. Da zarar an gama za mu zo, kuma a gida za mu sauka."

A gida za su sauka. Bayan wannan magana, ko cewa ya yi a rushe soron gaba ɗaya, da ita za ta miƙa guduma.

Aka kawo Malam Hashim, mai aikin famfo da tayil daga Ƙofar Ɗan Agundi, mutum siriri mai furfura a gemu da fensir a bayan kunne. Khalid ya aiko masa da zane, wai wani ƙwararre ne ya zana a can, tare da hotuna sun fi talatin. Malam Hashim ya zauna a bakin tabarma yana nuna wa Hajiya da Mero, ƙanwar marigayin, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar nata mijin. Mero ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba, haka Allah ya yi ta.

"Wannan shi ne yayi yanzu, Hajiya," in ji Malam Hashim. "Masai na tangaran, amma ba ya taɓa ƙasa. A jikin bango ake maƙala shi. Tankin ruwan kuma yana cikin bangon, ba a ganinsa, sai dai ki danna nan."

"In mai jiki ya hau fa?" in ji Mero. "Ni dai ba zan zauna a kan abin da ba shi da ƙafa ba."

"Ƙarfe ne a ciki, Baba Mero, ko sa ya hau ba zai motsa ba. Wannan kuma shawa ce, daga sama take zubowa kamar ruwan Agusta. Madubin nan da kin matso zai kawo wuta da kansa. Babu dokin ƙofa, babu tudu, don kada tsoho ya yi tuntuɓe. Ai nan gaba, wai har wanda zai ɗumama maka mazauni ya gaishe ka ana yi."

"Ya gaishe ni? A can ciki? To ni ba zan amsa ba."

Hajiya ta yi dariya har da share ido. Ita duk wannan bai dame ta ba. A kowane hoto, abin da take hangowa shi ne 'yar yarinya tsaye tana goge baki.

Sati shida aka yi ana aiki. Aka fitar da tsofaffin akwatunan Alhaji da kwalaben turarensa, aka fasa, aka ja bututu, aka kafa wani ƙarfe a jikin bango aka rufe shi da siminti. Hajiya takan leƙa ta ga ƙura da buhuna, ta ce sannunku da aiki, ta koma. Me za ta gane a jikin ƙarfe da bututu? Aka lulluɓe ko'ina da tayil mai ruwan toka, mai duhu, irin wanda ba ya santsi. Khalid ya sayi tikiti. Hutun kwana goma sha biyu ya samu, kuma saura kwana tara su sauka.

Ranar wata Talata da hantsi Malam Hashim ya maƙala masan, ya goge hannunsa, ya yi sallama a ƙofar ɗakin Hajiya ya ce ta zo ta sa albarka.

Ta shiga da ƙafar hagu. Wuri ya yi kyau, wannan ba a musu. Madubi ya kawo wuta, Mero ta ja da baya tana salati. Hajiya ta dubi shawa, ta dubi ƙarfen da aka sa mata na dafawa, sannan ta dubi farin tangaran ɗin da ke maƙale a bango. Ta dubi inda ya sa gaba. 'Yar tagar da ke daura da shi, ita ce rana ke shigowa ta cikinta kowace safiya shekara arba'in da biyar da ta yi a gidan. Ga hasken ma kwance a kan tayil.

"Malam Hashim," ta ce a hankali, "wanda ya zauna a nan, ina yake kallo?"

Malam Hashim ya sosa ƙeya. Ya cire fensir daga kunne ya mayar.

"Gabas, Hajiya."

"Alƙibla ke nan."

"Haka ne. Wallahi tun ranar farko na gani, na kira Alhaji ƙarami, ɗanki, na gaya masa. Ya ce in bi zane yadda yake, wai mai zanen ya auna komai. Shi mai zanen ai bai san gabas ɗinmu ba."

"In za a juya shi fa?"

"Ba kujera ba ce da za a ɗaga a juya. Sai an fasa bangon nan, a ciro tanki da ƙarfe, a mayar wancan bangon, a sake jan bututu ta ƙarƙashin daɓe. Tayil ɗin kuma da na fasa shi ya tafi. Irinsa ya ƙare a Ƙofar Ruwa, sai an aiko daga Legas. In komai ya tafi daidai, sati uku."

Sati uku, ga baƙi saura kwana tara. Hajiya ta fito ta zauna a gindin rumman, gwiwarta na zogi.

Da yamma ta aika aka roƙi Malam Abdulmalik, limamin masallacin lungunsu, ya shigo zaure. Ta tsaya daga bayan labule ta faɗa masa. Malam ya saurara, sannan ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Hanin nan na wanda ke fili ne. In a cikin gini ne, ga bango ya tsare, malamanmu sun ce babu laifi. Gidaje nawa ne a garin nan haka suke? Ki bar abinki."

Ta yi godiya. Mero ta ce, "To, kin ji. Malam ya yanke. Ki bar yara su zo su sauka a gidan ubansu."

Da a ce zuciya tana jin fatawa yadda kunne ke ji, da magana ta ƙare a nan. Amma Hajiya ta yi yini biyu abinci ba ya wuce mata. Ta tuna ranar da uwar mijinta, Hajiya Bahijja, ta kama hannunta tana amarya ta zaga da ita gidan. Da suka zo makewayi, tsohuwar ta nuna mata duwatsun taka ƙafa ta ce, "Kin ga kudu suke kallo. Magini ya fara sa su gabas, mai gidan nan ya sa aka tone aka sake. A nan gidan ba a fuskantar alƙibla da ƙazanta, ba a kuma ba ta baya." Ta tuna shi kansa Khalid yana ɗan mitsitsi a kan fo, sau nawa ta kama kafaɗunsa ta juya shi. Yanzu kuma 'yarsa ta zo gidan kakanninta karon farko, abin da za ta fara koya a ciki ke nan? A ɗakin da Alhaji ke shimfiɗa darduma ya yi walaha in kasuwa ba ta kira shi da wuri ba?

Ta kuma san abin da za ta rasa. Ta sani sarai, babu wanda ya rufe ta. Ranar Alhamis ta idar da sallar azahar, ta daɗe a zaune, sannan ta ce wa Mero ta kira mata Malam Hashim ya zo da gudumarsa.

Khalid ya kira kafin a kai ga la'asar, muryarsa a sama.

"Ummi, me na ji? An gama abu, ya yi kyau, kin sa a fasa? Ai ko malamai sun ce ya halatta."

"Ban ce haramun ba ne."

"To mene ne?"

"A gidan nan ba a taɓa yi ba. Ba kuma a kaina za a fara ba."

Tana jin numfashinsa, tana jin muryar yarinyar can nesa tana waƙa da Turanci.

"Ba zan iya ɗaga tafiyar ba, Ummi. Hutun ke nan. Sai dai mu sauka a otal."

Maganar tana bakinta: ku zo haka nan, zan tsaya mata a ƙofar makewayi, zan riƙe mata hannu, zan kunna fitila uku. Amma ɗan fari ne, kuma ita ce ta sa aka fasa. Ta ce, "Allah ya kawo ku lafiya."

Suka zo. Ranar da mota ta ajiye su a bakin lungu, Hajiya ta sa atamfar da ta ajiye tun bara, ta kuma rasa inda za ta tsaya, tsakar gida ko ƙofar ɗaki. Khalid ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gefen kunne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, kamar jiya suka rabu. Sumayya ta rungume ta tana hawaye. Nusaiba kuwa ta maƙale a bayan uwarta, ido ɗaya kawai ake gani. Doguwa ce, mai goshin Alhaji sak.

"Zo mana, ƙawata," in ji Hajiya. "Ni ce ta cikin waya."

Aka fassara mata. Ta matso taku biyu, ta yarda aka taɓa hannunta, sannan ta koma.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Sukan zo bayan la'asar, in ba su da ziyarar dangin Sumayya ko abokan Khalid. A zauna a tsakar gida, guduma na bugawa a ɗakin ajiya, ƙura na sauka a kan alkaki da dubulan da Hajiya ta sa aka yi. Ba a awa biyu yarinyar za ta raɗa wa uwarta magana a kunne, Sumayya ta dubi Khalid, Khalid ya dubi agogo. An san me ake nufi. Sai a tashi a koma otal, can Nasarawa. Rana ɗaya Sumayya ta gwada kai ta makewayin baya. Ko minti ɗaya ba a yi ba suka dawo, yarinyar na kuka.

Hajiya ta koyi kalma uku na Turanci daga wajen Mero, wadda ita ma a rediyo ta tsinta, babu wadda ta yi amfani. Ta ba yarinyar rumman, ta ci 'ya'ya biyar. Ta nuna mata kyanwar gidan. A kwana na takwas Nusaiba ta yarda ta zauna a gefen tabarmarta, har ta kama 'yan yatsun Hajiya tana duba lalle. Hajiya ta ƙi motsi, ko numfashi da kyar take yi, har ƙafarta ta yi sanyi. Sai ga raɗa a kunne, sai ga agogo.

Kullum da safe takan tsaya a kan Malam Hashim. "Ina tayil?" Yana hanya. "Ina tayil?" Motar ta kwana a Zariya. Mutumin nan ya tausaya mata, har ranar Juma'a ya yi aiki, daga masallaci ya dawo ya cire babbar riga ya ci gaba. A kwana na goma sha ɗaya ya liƙa tayil na ƙarshe. A na goma sha biyu, da la'asar sakaliya, ya maƙala masan a bangon arewa, yana kallon kudu, ya danna, ruwa ya zubo ya tafi.

Jirginsu gobe da sassafe ne.

Khalid ya shiga ya duba, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce aiki ya yi. Nusaiba ta ga madubi ya kawo wuta, ta yi dariya, karon farko da Hajiya ta ji dariyarta ba ta cikin waya ba. Ta cire takalmi ta shiga, ta murɗa shawa, ruwa ya jiƙa mata ƙafafu da gefen riga, ta yi tsalle ta fito tana ƙyalƙyatawa. Ta koma, ta sake fitowa. Sumayya ta ce ya isa haka, ta kashe ruwan.

Aka kira magariba. Aka yi salla. Khalid ya fara laluben makullin mota.

Hajiya Mabruka ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi. Ta dube shi ido cikin ido, a gaban matarsa, a gaban Mero.

"Ku bar min ita yau. Banɗaki ya samu. Da asuba ku biyo ku ɗauke ta, hanyar filin jirgi ce."

Khalid ya sunkuyar da kai. Sumayya ta ce, "Ni ba ni da ta cewa, Ummi, wallahi da na so. Bari a tambaye ta."

Khalid ya tsuguna a gaban 'yarsa ya yi mata magana a hankali, ya nuna ɗakin Hajiya, ya nuna banɗakin. Daga inda suke ana hango gadon, an shimfiɗa sabon zanen gado, ga ƙaramin matashi a gefen bango. Nusaiba ta dubi ɗakin. Ta dubi tsohuwar da ke tsaye tana murmushi da dukkan fuskarta. Sannan ta kama zanen uwarta da hannu biyu, ta girgiza kai, ta faɗi wata gajeriyar magana.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

Khalid bai so ya faɗa ba. Ta sake tambaya.

"Ta ce ba ta san ki ba sosai tukuna." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Yarinya ce, Ummi. Da a nan muka sauka, da yanzu ta saba."

Bai faɗa don ya soke ta ba, gaskiya ce kawai ta fito. Hajiya ta gyaɗa kai. Ta ce haka ne. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin turaren wuta da 'yan kunnen zinariya na Hajiya Bahijja ta ba Sumayya ta ajiye wa yarinyar. Ta dafa kan Nusaiba ta yi addu'a, yarinyar ta tsaya cak har aka shafa. Ta raka su zaure, inda ba ta saba wucewa ba, ta tsaya tana jin takunsu a lungu har ya ɓace cikin ƙarar babura.

Da ta dawo tsakar gida, ta tarar Mero ta ɗauko tsumma za ta shiga banɗakin.

"Yarinyar nan ta jiƙa ko'ina," in ji Mero. "Bari in goge kada wani ya zame."

Hajiya ta leƙa. A kan tayil ɗin mai duhu ga sawun ƙafa nan, ƙanana, daga wajen shawa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa shawa, yatsu biyar-biyar a fili. Ɗaya ma rabi ne, inda ta yi tsalle.

"Bar shi, Mero."

"Ai ruwa ne, Hajiya."

"Na ce ki bar shi."

Mero ta dube ta, ta ajiye tsumman, ta koma ɗaki. Hajiya ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a bakin ƙofar. Tayil ɗin mai kyau ne, Malam Hashim ya faɗa tun farko, ba ya riƙe ruwa. Na kusa da ƙofa suka fara bushewa, daga diddige zuwa yatsu. Kafin a kira isha saura guda biyu, can ciki kusa da shawa, ta matsa da kujerar ciki don ta fi ganinsu.